Ƙwallo ɗaya, ɗalibai huɗu: yadda hazaƙa ke shafar koyon zane mai motsi a jami'a

Kusan duk inda ake koyar da zane mai motsi na kwamfuta, aikin farko da ake ɗora wa ɗalibi shi ne ƙwallo. Malami ya ce: ga ƙwallo nan, ka sa ya faɗo daga sama, ya bugi ƙasa, ya yi tsalle sau uku ko huɗu, sannan ya kwanta. Babu fuska, babu hannu, babu labari. Idan aka kunna aikin bai wuce sakan huɗu ba. Amma ranar da aka haska ayyukan 'yan aji a bango, bambancin da ke fitowa yakan ba mutum mamaki. Ƙwallon wata ɗaliba da ka gan shi ka san na roba ne, har kana jin nauyinsa. Na wani yana lilo kamar balan-balan, saukarsa da tashinsa duk a sanyaye. Na wani kuma yana da kyau ta gaba, amma da an juya kyamara sai a ga ashe rabinsa ya nutse cikin ƙasa, shi mai aikin bai sani ba, domin ta taga ɗaya ya yi ta kallonsa. Akwai kuma na huɗu da bai kawo komai ba, ya kwana yana neman inda maɓallin kaza yake a manhajar.

Malami ɗaya ne ya koyar da su, darasi ɗaya suka saurara, kwamfutocin ɗakin ma iri ɗaya ne. Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce waccan tana da baiwa, sauran ba su da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɗalibai ba sa shigowa aji da ƙarfi ɗaya, kuma ɓoye wannan ba ya taimakon kowa. Sai dai amsar ta yi gajarta, illarta kuwa a kan ɗalibi take ƙarewa. Idan aka duba da kyau, mutum ukun nan da aikinsu bai yi ba, kowannensu wurin da ya yi tuntuɓe daban ne, maganin kowannensu ma daban. Kalmar hazaƙa ce ta zuba su cikin buhu ɗaya ta ɗaure bakinsa.

Mu fara da mai ƙwallon da ke lilo. Fim yana gudana ne a kan hotuna 24 cikin kowane sakan, kowane hoto kuwa masu sana'ar suna ce masa firem. Minti ɗaya ke nan firem 1,440. Mai rayar da zane a kwamfuta ba ya zana su duka. Turaku yake kafa wa motsin: a firem na 1 ƙwallo yana sama, a firem na 12 ya taɓa ƙasa, sai manhaja ta cike tsakani. Ita kuwa manhaja ba ta san ƙwallo ba ne. Idan aka bar ta da ra'ayinta, sai ta sassauta gudun abu dab da kowane turke domin motsin ya yi laushi, alhali abin da ke faɗowa gudunsa ƙaruwa yake yi har ya bugi ƙasa. Tun zamanin Galileo aka san lissafin: idan abu ya ci tazara ɗaya a ɗan lokacin farko, zai ci uku a na biyu, biyar a na uku, bakwai a na huɗu. Cikin rabin sakan, wato firem 12, abin da aka sako daga sama yana faɗowa kimanin mita 1.2. Ɗalibar da ƙwallonta ya yi kyau wataƙila ba ta taɓa jin waɗannan alƙaluma ba, amma idonta ya san ƙwallo ba ya yin ladabi kafin ya bugi ƙasa. Shi kuwa abokin karatunta ya kalli nasa sau hamsin, ransa yana gaya masa akwai abin da bai zauna ba, ya kasa cewa ga shi.

Ido mai lura da motsi abu ne da ya fi ƙaranci fiye da yadda ake zato. An yi ƙarnuka ana kallon doki yana sukuwa, ƙwararrun masu zane suna nuna shi a sama, ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya. Sai da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kaliforniya a 1878 aka ga cewa lokacin da kofatan huɗu suka bar ƙasa, a naɗe suke ƙarƙashin cikin dokin. Idan gwanaye sun yi wannan kuskure, ba abin kunya ba ne ɗan aji ɗaya ya kasa ganin yadda ƙugu ke karkata idan mutum ya ɗaga ƙafa. Ƙa'idojin zane mai motsi goma sha biyun da Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin ma'aikatan Disney, suka tattara a littafinsu na 1981, babban amfaninsu ga ɗalibi shi ne sun raɗa wa abubuwan da ido ke tsallakewa suna. Jiki yana matsewa yana miƙewa. Mutum yana ja da baya kafin ya zabura. Gaɓoɓi suna bin hanya mai lanƙwasa kamar baka. Gashi da tufa suna ci gaba da motsi bayan jiki ya tsaya. Da zarar abu ya samu suna, ɗalibi ya fara ganinsa a kan hanya da filin wasa, kuma idon da aka ce ba shi da shi ya fara buɗewa.

Ko ya gano cutar ƙwallonsa, gyaran yana neman wata basira ta daban. Dole ya buɗe allon da ke nuna motsi a matsayin layuka, lokaci a kwance, tazara a tsaye, ya kama 'yan hannayen da ake lanƙwasa layin da su. Irin wannan layi yana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault na Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Wanda ya saba da karanta jadawalin lissafi tun sakandare, kallo ɗaya zai yi ya gane cewa inda layin ya yi gangare sosai gudu ne, inda ya kwanta tsayawa ce, kuma inda ƙwallo ya bugi ƙasa ya kamata layin ya yi tsini. Ɗalibin da ya zaɓi fannin domin ya tsere wa lissafi sai ya iske lissafin ya riga shi isowa. Sau da yawa ma shi ne gwanin fensir na ajin.

Na ukun, wanda ƙwallonsa ya nutse, matsalarsa ce ta fi jan hankalina, domin ita ce ba a cika ganewa ba. Fuskar kwamfuta shimfiɗaɗɗiya ce, tsawo da faɗi kawai gare ta. Duniyar da ke cikin manhajar kuwa tana da zurfi. Mai aiki yana leƙen abu ne ta taga ɗaya, sauran siffar kuma dole ya riƙe ta a ransa. Idan na ja hannun nan zuwa dama a wannan taga, gaba ya je ko baya? Idan na zagaya da kyamara ta bayan kai, yaya kunnen zai kasance? Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna auna wannan. A 1971 Roger Shepard da Jacqueline Metzler sun riƙa nuna wa mutane hotunan wasu siffofi da aka harhaɗa da 'yan akwatuna, biyu-biyu, ɗaya an karkata shi, suna tambaya ko abu ɗaya ne, ko kuwa ɗaya hoton madubin ɗaya ne. Suka gano cewa gwargwadon yawan karkatarwar, gwargwadon daɗewar mutum kafin ya amsa, kamar dai yana juya abin ne da hannu a cikin kansa. Mutane kuwa sun bambanta ƙwarai wajen saurin wannan juyi da daidaitonsa. Mai ƙarfi a nan yana yawo cikin manhaja kamar ɗakinsa. Mai rauni kuwa, duk taɓin da zai yi sai ya tsaya ya tambayi kansa ina yake. Abin yana ƙara tsanani idan aka zo ƙera siffa da dasa mata ƙasusuwa, inda kowace gaɓa take juyawa ta fuskoki uku, juyin kafaɗa kuma yana jan gwiwar hannu, gwiwar tana jan tafi. A nan ne ɗalibi mai ƙwazo, mai zuwa aji kullum, yake fara zargin kansa da daƙiƙanci, alhali abu ɗaya tak ne ya tokare shi.

Da wannan basira a daskare take, da sai a tace ɗalibai tun daga ƙofa kowa ya huta. To, ba a daskare take ba. A jami'ar fasaha ta Michigan da ke Amurka, Sheryl Sorby ta fara wani kwas a 1993 domin sababbin ɗaliban injiniya da suka faɗi gwajin juya siffa. Abin da ake yi a kwas ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne: a gina siffa da 'yan tubala, a zana ta daga sama da gaba da gefe, a juya ta, a sake zanawa. Makinsu a gwajin ya tashi, kuma waɗanda suka bi ta kwas ɗin sun fi takwarorinsu masu irin rauninsu ɗorewa a karatun, musamman mata. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike 217 a kan irin wannan horo, suka tarar yana ƙara basirar, ƙarin yana daɗewa, kuma yana tsallakawa zuwa ayyukan da ba a kansu aka yi horon ba. Kwas ɗin Sorby na injiniyoyi ne, amma tagar da injiniya yake leƙawa idan yana tsara na'ura ita ce dai tagar da mai rayar da zane yake leƙawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne ana yawan neman mai son shiga ya kawo kundin zane-zanensa, amma da wuya a ware ko mako biyu domin a duba wannan ɓangare a ƙarfafa shi, duk da cewa kayan aikinsa ba su wuce takarda da tubalan wasa ba.

Sai na huɗu, wanda dare ya ƙare masa wajen neman maɓalli. Wurin da mutum yake riƙe abubuwa a kansa yayin da yake cikin aiki ɗan ƙarami ne. George Miller ya ƙiyasta shi a 1956 da kimanin abu bakwai, Nelson Cowan kuma a 2001 ya ce ya fi kusa da huɗu. A kan wannan John Sweller na Ostiraliya ya gina bayaninsa na 1988: idan ma'ajin nan ya cika da ɗawainiya, babu gurbin da sabon ilimi zai zauna. Ka duba sabon ɗalibi a gaban Maya ko Blender, manhajojin da ake wannan aiki da su. Yana tunanin yadda ake juya kyamara, yadda ake zaɓar abu, maɓallin da ke kafa turke, da inda fayil ɗinsa ya shiga bayan ya adana. Gurabe huɗu sun cika tun ba a zo maganar nauyin ƙwallo ba. Maƙwabcinsa kuwa yatsunsa ne suke yin duk wannan, kansa a sake yake, shi ya sa ya ji bayanin malami a kan tazara da lokaci. Su biyun suna ɗaki ɗaya, amma ɗaya ne kaɗai ya halarci darasin.

Nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Tun 2002 Blender ta zama kyauta ga kowa, bayan masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 aka fanso ta, darussanta kuma sun cika YouTube. Yaron da ya samu kwamfuta mai ƙarfi da intanet a gida tun yana shekara 14 yana shigowa jami'a da sabon hannu na shekara huɗu. A makon farko, idan aka ajiye aikinsa kusa da na wanda jiya ya fara ganin manhajar, malami zai rantse ya samu haziƙi. Abin da ya gani gata ne da daɗewa a kan hanya, baiwar kuwa ba ta riga ta nuna kanta ba tukuna, a wajen kowannensu. Illar ita ce wannan hukunci na makon farko yana haifar da kansa. Wanda aka yaba yana ƙara zama a ɗakin aiki, malami yana ƙara tsayawa a kansa, abokai suna neman shi. Wanda aka bari a baya yana jin nauyin yin tambaya a gaban waɗanda suka wuce shi, sai ya yi shiru, shirun ya ƙara masa nisa. Ratar da ta fara da ɗan taku kan zama kwazazzabo kafin ƙarshen zango. Shi ma gogaggen yana da tasa cutar: sau da yawa ya koyi ƙyalƙyali, haske da sheƙi da hayaƙi, ya tsallake tushe, kuma yana ganin aikin ƙwallo raini ne a gare shi.

Maganar iya zane da hannu kuwa, ana ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ga mai zane mai motsi shimfiɗaɗɗe, wanda zai zana firem bayan firem, hannu wajibi ne. Ga mai aiki da siffa mai zurfi, zane yana koya wa ido tsayuwar jiki, da inda nauyi ya sauka, da yadda ake gane abin da mutum yake yi daga inuwarsa kaɗai. Wannan amfani ne babba, amma bai kai a mai da shi ƙofar shiga ba. Ed Catmull ya tashi yana son zama mai zanen katun, ya duba ya ga hannunsa bai kai ba, ya karanta fiziks da ilimin kwamfuta a jami'ar Utah, inda a 1972 ya yi ɗan gajeren fim na hannunsa na hagu yana buɗewa yana rufewa, da kwamfuta. Shi ne daga baya ya jagoranci Pixar, kamfanin da ya fitar da Toy Story a 1995, fim na farko mai cikakken tsawo da aka yi shi kacokan da kwamfuta. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin, John Lasseter, ya fito ne daga ɗaya gefen, makarantar zane ta CalArts, kuma a 1987 ya gabatar da takardar da ta nuna wa masana kwamfuta yadda tsofaffin ƙa'idojin Disney suke aiki a sabuwar duniyarsu. Da an auna Catmull da ma'aunin fensir, da an sallame shi tun daga ƙofa.

To, idan hazaƙa ta kasu haka, ta wace hanya take shafar koyo? Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na John Carroll na 1963. Ya ce a ɗauki hazaƙar ɗalibi a wani fanni a matsayin yawan lokacin da yake buƙata kafin ya iya abin. Gwargwadon abin da zai koya kuwa ya dogara ne a kan lokacin da ya samu ya yi amfani da shi, idan aka gwada da lokacin da yake buƙata. Mai saurin kamawa na iya gama ƙwallo cikin awa shida, wani kuma sai ya yi ashirin, amma idan kowa ya samu nasa lokacin, ƙwallayen biyu za su yi tsalle yadda ya kamata. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Benjamin Bloom ya gina a kan wannan a 1968 da shawarar kada ɗalibi ya wuce mataki sai ya ƙware a kansa.

Jami'a kuwa a kan akasin haka aka gina ta. Lokaci ne a tsaye, makonni goma sha wani abu a zango, sakamako kuma shi ke hawa da sauka. A wasu darussa wannan ba ya yin ɓarna sosai, domin wanda bai gane babin mako na uku ba yana iya gane na mako na shida. Zane mai motsi tsani ne. Daga ƙwallo ake zuwa ƙwallo mai wutsiya, domin a koyi yadda sashe ke bin sashe. Daga nan a zo buhun da aka cika rabi, a sa shi ya nuna fushi ko fargaba ba tare da fuska ba. Sannan tafiya, sannan gudu, sannan ɗaga abu mai nauyi, sannan magana da motsin leɓe. Kowane mataki yana zaune ne a kan na ƙasansa. Ɗalibin da yake buƙatar awa ashirin aka ba shi takwas ya ɗauki bashi, kuma bashin yana biye da shi zuwa kowane sabon aiki da ruwa a kai. Makin da zai fito masa a ƙarshe, saurinsa ya auna. Inda zai iya kaiwa da an ba shi dama, ba wanda ya auna wannan.

Kada kuma a ɗauka masu rauni kaɗai ne tsarin bai ɗaya yake cuta. Binciken da ya biyo bayan Sweller, musamman na Slava Kalyuga da abokansa a 2003, ya nuna cewa hanyar da ke taimakon sabon shiga tana iya zama kaya ga wanda ya ƙware. Sabon shiga yana amfana da misalin da aka warware masa taki-taki: ga fayil an gama, buɗe ka ga inda aka kafa turaku, yanzu ga wani an bar maka uku ka cike. Idan aka ce masa je ka gano da kanka, ɓacewa zai yi. Gogaggen kuwa wannan bayani dalla-dalla yana cinye masa hankali a banza, abin da yake buƙata shi ne matsala mai wuya da sarari. Malamin da ya tsaya a tsakiya yana koyar da matsakaicin ɗalibi ya bar wutsiya a baya, ya kuma ɗaure kai. Mafita ba lallai ta zama raba aji gida biyu ba, wanda ni ina ɗari-ɗari da shi saboda tambarin da yake manna wa mutum. Aiki ɗaya na iya samun hawa-hawa: kowa ya yi ƙwallo, wanda ya gama ya yi ƙwallo uku masu nauyi daban-daban, na ƙarfe da na roba da na iska, a gane kowanne daga motsinsa kaɗai ba tare da launi ba. Wannan ya isa ya hana gogagge barci.

Gaskiya ɗaya ce, lokaci ba ya goge kowane bambanci. Binciken Anders Ericsson na 1993 a kan masu koyon gogen Turawa a birnin Balin na Jamus ya nuna muhimmancin atisaye mai manufa, har wasu suka zarce suka ce baiwa tatsuniya ce. Amma a 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta sun tattara bincike masu yawa, suka tarar atisaye yana bayyana kimanin kashi 21 cikin ɗari na bambancin ƙwarewa a kiɗa, da kashi 18 a wasannin motsa jiki. Kaso ne mai tsoka, amma ya bar fili mai faɗi ga wasu abubuwa. A zane mai motsi ma haka abin yake ga duk mai kallo da idon basira. Akwai ɗalibin da zai sa siffa ta ɗan yi jinkiri na firem uku kafin ta juyo, sai ka ji zuciyarka ta motsa, kuma ba wanda ya koya masa. Wannan ba ya samuwa ga kowa, kuma yi wa ɗalibai alƙawarin cewa duk za su kai can yaudara ce. Abin da nake jayayya a kai shi ne matakin da ake yanke hukunci. Irin wancan bambanci a can sama yake bayyana, bayan shekaru. Iya aiki mai tsabta wanda za a ɗauki mutum a kansa kuwa yana hannun mafi yawan waɗanda suka shigo, idan ba a kore su da wuri ba.

Akwai kuma wani hali da ba ya cikin kowane gwaji, wato jure gyara. A manyan ɗakunan wannan sana'a al'ada ce a taru kullum a haska aikin da bai ƙare ba, kowa ya faɗi abin da ya gani. Sakan goma na motsi firem 240 ne, kuma ana iya ce wa mutum ya sake su sau da yawa. Ɗalibin da tun yana yaro ake ce masa gwani sau da yawa shi ne ya fi shan wuya a nan, domin bai saba a ce masa aikinsa bai yi ba, sai ya fara ɓoye aikin har ya gama, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Wanda ya saba da faɗuwa yana nuna nasa tun yana ɗanye, ya karɓi gyara biyar kafin wancan ya karɓi ɗaya. Cikin shekara biyu ba abin mamaki ba ne a ga sun yi musayar wuri.

Aikin rukuni, wanda ake yawan rufe karatu da shi, yana da fuska biyu. Yana kama da yadda sana'ar take, inda wani ke ƙera siffa, wani ya dasa ƙasusuwa, wani ya motsa, wani ya haska, wani ya harhaɗa. A nan ne mai kan lissafi yake gano cewa dasa ƙasusuwa da rubuta 'yan umarnin kwamfuta gidansa ne, mai idon launi kuma ya gano haske. Amma idan aka kawo shi tun a shekarar farko, maɓoya yake zama. Gogaggen ya karɓe linzami domin a gama da wuri, sabon shiga ya koma rubuta sunaye a ƙarshen fim, duk su samu maki ɗaya, ratar kuma ta ƙaru ba tare da ta fito a takarda ba.

Shi ya sa nake ganin ranar haska ƙwallo ita ce rana mafi tsada a zangon farko, idan malami ya ɗauke ta ranar gano cuta. Mai ƙwallon da ke lilo a tura shi ya ɗauki bidiyon ƙwallo na gaske da wayarsa, ya bi shi firem bayan firem yana ɗiga alama a takarda, har ya ga tazarar tana buɗewa da idonsa. Mai ƙwallon da ya nutse a ba shi tubala da fensir, a kuma sa masa dokar kada ya kafa turke sai ya duba ta taga biyu. Wanda bai kawo komai ba a ba shi fayil da aka riga aka shirya, maɓalli biyar kaɗai zai taɓa, a bar sauran manhajar sai gaba. Ɗalibar da ta yi nasara a ba ta ƙwallaye ukun nan masu nauyi daban-daban. Sannan a bar ƙofar sake miƙa aikin a buɗe har mako na biyar ko na shida, makin ƙarshe ya shafe na farko. Wannan yana ƙara wa malami aiki, kuma a ajin da ya cika maƙil sai an haɗa da manyan ɗalibai masu taimakawa, amma bashin da ba a biya a nan ba za a same shi a gaba. Idan aka zo darasin tafiya, inda mutum yake yin taku ɗaya cikin kimanin firem 12, abu na farko da ake kafa wa turaku shi ne ƙugu, ƙugun kuwa yana sauka idan nauyi ya hau ƙafa, ya tashi idan ƙafar ta tura, ƙwallon makon farko ne aka sa masa ƙafafu.